Gargaɗi ga masu shaguna a Gombe: hattara da mai sauya balas ɗin doguwar fitila

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman teloli, masu kemis, masu aski da masu kula da masallatai da makarantun dare. Akwai wani mutum da ke bin shaguna a kan mashin da jakar bakko ɗaure a baya, yana cewa shi mai gyaran fulorasan ne, doguwar fitilar nan mai tsawon ƙafa huɗu, yana sauya mata balas, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga fitilar. Ya cuce ni, kuma saura ƙiris ya jawo min gobara a shagon ɗinki cike da shaddojin mutane. Bayan ya bar wajenmu a Jekadafari, an ce an gan shi wajen Pantami da Tumfure.

Cikin azumi ya zo, lokacin da ɗinkin Sallah ya sha mana kai, muna kwana a kan keke. Fitilu shida ne a shagon, duk masu tsohon cok, wato balas irin na da, da sitata mai tayar da fitilar. Kun san halinsu: idan wuta ta yi ƙasa sai su yi ta kyaftawa su ƙi kamawa, cok ɗin kuma yana gurnani kamar tsohuwar fanka. Ya ɗaga kai ya dube su ya ce, "Maigida, ai zamanin cok ya wuce. A sa maka balas na zamani, babu sitata, babu ƙara, ko wuta ta yi ƙasa zai kama." Abin da ya sa na yarda shi ne maganarsa gaskiya ce. Tsohon cok da bugun wutar gida yake tafiya, sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ido ke gajiya. Balas na zamani kuwa yana ɗaga bugun ya wuce 20,000, hasken ya tsaya cak, kuma bai kai cok shan wuta ba. Kayan da ke cikin jakarsa ne ƙarya.

Naira 4,500 ya karɓa a kan kowace fitila, ya ce kayan Turai ne, ga sunan wani babban kamfani a jiki. Da ya gama sai ya tattara tsofaffin cok ɗina shida ya zuba a jaka, wai zai taimaka ya zubar min. Har godiya na yi masa. Daga baya na gane riba biyu ya ci: cok ɗin nan naɗaɗɗiyar wayar tagulla ce a ciki, 'yan gwangwan na saye da kilo, kuma lafiyarsu ƙalau, ana iya sake sayar da su.

Rediyona ne ya fara tona asiri. Da an kunna fitilu sai tasha ta cika da shuuu, ba ka jin komai. Kwana goma bakunan fitilun suka yi baƙi. A dare na goma sha uku yaron shagona ya ce yana jin ƙaurin roba. Muka duba, sai ga mariƙin fitilar da ke saman teburin yanka ya narke yana ɗiga. Allah ne ya tsare, da mun rufe mun tafi sahur da yanzu wani labarin ake yi.

Da safe na kira dattijon da ya yi wayarin ɗin layinmu tun ina yaro. Ya kashe babban makunni, ya gwada da testa, sannan ya sauke fitilar ya buɗe balas ɗin a gabana. Gwangwanin dogo ne, amma abin da ke ciki bai fi kwalin ashana ba, irin allon da ake cirowa daga mataccen ƙwan lantarki mai lanƙwasa. Sauran filin wani guntun ƙarfe aka liƙa da gam don ya yi nauyi a hannu. Na ce, "Baba, ta yaya mutum zai gane?" Ya ce, "Ɗana, ai takardar aikin a jikin balas ɗin take, kai ne ba ka nemi gani ba."

Nan ya zaunar da ni. Balas na gaskiya yana da zanen haɗin waya a bayansa, da rubutun ƙarfinsa. Fitila mai ƙafa huɗu wat 36 ce, don haka za ka ga an rubuta 1x36W, da 220-240V. Mai ƙafa biyu wat 18 ce, ba a musanya musu balas. Gefe ɗaya akwai L da N: waya mai wuta, ja ko ruwan ƙasa, tana shiga L bayan ta biyo ta makunni, baƙa ko shuɗiya tana shiga N, mai kore da rawaya kuma, wato wayar ƙasa, a ɗaure ta a jikin ƙarfen fitilar. Ɗaya gefen wayoyi huɗu ne ke fita, biyu zuwa kowane bakin fitila, tunda kowane baki 'yan ƙarafa biyu gare shi. Kafin duk wannan, cok da sitata da tsohuwar kafasita dole a cire su daga layin gaba ɗaya. Mutumin nan a fitilu biyu ya bar sitata a haɗe. Babu kanekta ko ɗaya, murɗe wayoyin ya yi ya naɗe da baƙin salatif, wayar ƙasa kuma ya yanke ta ya tura cikin silin. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne bayanin narkewar: balas mai kyau idan fitila ta mutu yakan yanke wuta da kansa, na jabu kuwa ci gaba yake da turawa har roba ta ɗau zafi.

Na san wasu za su ce a koma fitilar LED a huta. Ni ma biyu na mayar, su ba sa buƙatar wannan balas ɗin in an saya masu shiga wuta kai tsaye. Sauran huɗun Baba ya raka ni shago mai rasit muka sayo na gaske. Matattun fitilun kuma kada a bar yara su fasa, akwai zaiba a cikinsu.

Idan ya zo muku, ku ce ya nuna zanen da ke jikin balas ɗin, ya bar muku tsohon cok ɗinku, ya kuma faɗi inda shagonsa yake. Lambar da ya ba ni tun ranar ba ta shiga. Na kai ƙonannen balas ɗin wurin shugaban ƙungiyarmu ta teloli, sauran biyar suna nan a shago a buɗe, duk mai son gani da idonsa ya zo. Wanda ya riga ya sa masa, don Allah ya kashe fitilun yau ɗin nan, kada ya kwana da su a kunne kafin mai wayarin ya duba.