Kafin ka sayi RAM: ɗaya mai gigabait 16 ko biyu masu 8?

Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da madabod (babban allon da ake haɗa komai a kansa) ne ke yanke irin RAM ɗin (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da kake yi) da kwamfutarka za ta karɓa, don haka daga kansu za ka fara. Furosesan kamfanin AMD masu zama a soket (mazaunin furosesa) AM4 nau'in RAM na DDR4 kawai suka sani, na AM5 da suka fito a 2022 kuwa sai DDR5. Wurin da ake yawan ruɗewa shi ne Intel zubi na 12 zuwa na 14: furosesan na iya aiki da kowanne, amma madabod ɗin ɗaya tak ya zaɓa. DDR4 da DDR5 na kwamfutar tebur duk haƙora 288 gare su, sai dai tsagar da ke tsakani ba wuri ɗaya take ba. In ya ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi.

Idan kana da AM4 ko madabod na DDR4 mai lafiya, ban ga dalilin zubar da shi don DDR5 ba, muddin aikinka rubutu ne da intanet. Mai haɗa sabuwa daga tushe shi ya dace ya duba DDR5.

Sai batun guda nawa. Ni dai biyu masu gigabait 8 nake zaɓa a kan ɗaya mai 16, domin furosesa na ɗebo bayanai ta hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma bambancin ya fi fitowa a kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, tunda da RAM ɗin take zana abin da kake gani. A madabod mai gurbi huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga furosesa ake cikawa, waɗanda ake kira A2 da B2. In ka jera su kusa da juna ka yi asarar amfanin. Ɗaya mai 16 na da ranarsa: laftof mai gurbi biyu da kake son kai ta 32 nan gaba.

Ga masu sayen na hannu, karanta takardar da ke manne jikinsa tun kafin a fara ciniki. PC3L-12800S na nufin DDR3L na laftof mai aiki da bolt 1.35, kuma yawancin laftof masu Intel zubi na 4 shi suke buƙata, ba mai 1.5 ba. In ka ga harafin R a madadin S ɗin, kamar PC3L-12800R, na saba ne, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima. Arharsa na jan hankali, amma kwamfutar gida ko tashi ba za ta yi da shi ba. Tafi da kwamfutarka shagon, a sa a gabanka, ka buɗe Task Manager na Windows ka ga yawansa da gudunsa sun fito daidai, sannan ka biya.