Hattara da mai tallar "sabbin jinsosi" na Starfinder da Gamma World

Jama'a, assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa a kan wannan rubutu, don ba daɗi mutum ya fito fili ya ce an yi masa wayo. Amma shekaranjiya wani ƙanenmu ya turo min hoton tallan mutumin da ya cuce mu a wani guruf na WhatsApp daban. Ya canza suna, ya canza lamba, kaya dai su ne, ko kuskuren rubutun da ke cikin tallan bai gyara ba. Na ce to, shirun ya isa haka.

Mu shida ne muke zama duk Asabar bayan la'asar a zauren gidan wani abokinmu a Kano. Ba kwamfuta, ba talabijin. Tabarma ce, da takarda, da fensir, da dayis irin na ludo, sai dai namu har da mai fuska 20. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa da jarumin da ya ƙirƙira. Abin da ya fi jan sababbin shiga shi ne ba dole jaruminka ya zama ɗan Adam ba. A Starfinder, wasan da muke yi, wanda kamfanin Paizo na Amurka ya fitar a 2017, babban littafin ya zo da jinsi bakwai na farko: mutum, da android, da kasatha mai hannu huɗu, da lashunta mai 'yan ƙahonni masu laushi a goshi da ke magana zuci da zuci, da shirren mai kama da ƙwaro, da vesk, ƙaton ƙadangare mai son yaƙi, sai ysoki, ɗan ɓeran nan da ke ɓoye kaya a kumatunsa. Duk wanda ya fara, ba ya wata biyu sai ya ce yana son wani abin da ba kowa ke da shi ba. Wannan kwaɗayin namu mutumin ya karanta, kuma ya karanta shi da kyau.

Ya shigo guruf ɗinmu da ladabi, "yallaɓai" a baki kamar ya haɗiye kalmar. Kusan sati uku bai tallata komai ba. Yana sa baki a hira, yana yaba zanen da yara ke turowa, har ya taɓa gyara wa wani lissafin harbi daidai. Sannan ya ce yana da "cikakken kundin jinsosi na hukuma", PDF, jinsi 60 da ake iya wasa da su a Starfinder, har da rikiɗaɗɗu, wato waɗanda tururin nukiliya ya sauya wa halitta. Naira 8,000. Ni na fara biya. Ni ne mai jan labari, kuma ni ne ya kamata in fi kowa sani.

Kundin ya zo, ba zan yi masa ƙarya ba. Shafukan farko ma sun yi kyau. Sai da na zauna da dare ina shirya wasan Asabar na fara jin wari.

A shafi na goma sha wani abu na ci karo da Vargr da Aslan. Duk wanda ya ɗan daɗe a harkar nan ya san waɗannan ba 'yan gidan Paizo ba ne. Na Traveller ne, wasan da Marc Miller ya rubuta, aka fara buga shi a 1977. Vargr zuriyar karnuka da kyarketai ne na duniyarmu da wasu tsofaffin halittu suka kwasa suka ba su hankali, Aslan kuma masu kama da zaki. Gaba kaɗan sai ga Dralasite, dunƙulen halittar nan mai miƙewa kamar ƙullin fulawa, tare da Vrusk da Yazirian, su kuma na Star Frontiers ne na kamfanin TSR, 1982. Kamfani ba ya ɗauko kayan wani kamfani haka kawai ya zuba a littafinsa ya buga tambari. Ko lissafin bai wahalar da kansa ya daidaita ba. Traveller da dayis biyu masu fuska shida ake yinsa, Starfinder da mai fuska 20. A shafin Vargr an bar umarnin "jefa biyu masu fuska shida" yadda yake, a cikin littafin da aka ce na Starfinder ne. Kamar ka sayi littafin koyon dara ka tarar da dokar langa a tsakiya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shafin kasatha, don shi na sani kamar yunwar cikina. Kundin ya ce tunda hannunsa huɗu, hari huɗu yake kaiwa a zagaye ɗaya. Littafin gaskiya ya faɗa ƙarara cewa hannu huɗun na ba shi damar riƙe kaya da makamai da yawa ne kawai, ba ya ƙara masa yawan hari. Ba don rowa aka yi hakan ba. A bugun 2017 na wasan nan, kusan kowane jinsi in an ba shi da dama, sai an karɓe da hagu. Vesk yana da ƙarin biyu a ƙarfi da biyu a juriya, an rage masa biyu a kaifin ƙwaƙwalwa. Ysoki yana da ƙarin biyu a zafin nama da biyu a ƙwaƙwalwa, an rage masa biyu a ƙarfi, kuma makin lafiyar da jinsinsa ke ba shi 2 ne kacal, na vesk 6. Haka ake yi don mai ɗan ɓera da mai ƙadangare su zauna tabarma ɗaya kowa ya ji yana da amfani. A kundin mutumin nan kuwa akwai wani "rikiɗaɗɗen damisa" da ke da ƙari a komai, ba ragi ko ɗaya. Wanda ya taɓa jan wasa ko na wata ɗaya ba zai rubuta haka ba. Zanen kasathar ma da aka sa, da na ƙura masa ido, hannu uku ne da rabi, na huɗun ya narke cikin riga, irin hoton da manhajar zane ke haɗawa.

Sai na duba ƙasan shafukan da suka yi kyau ɗin. PDF ɗin da Paizo ke sayarwa yana zuwa da suna da imel na wanda ya saya a jikin shafi. A namu, daidai wurin an shafa farin layi, amma a shafuka biyu an manta, ga sunan wani bawan Allah can da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wato rabin kundin sata ne, rabi kuma tarkace. Abin takaicin, ainihin dokokin Starfinder, har da jinsosin da ke cikin littattafan Alien Archive, suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys, da amincewar Paizo. Data kawai za ka kashe. Na ba da 8,000 na sayi abin da ke zube a bakin hanya, an kuma gauraya min shi da ƙasa.

Da a nan ya tsaya da na haɗiye abina na yi shiru. Ashe yana bin yaranmu ta bayan fage.

Ƙaramin cikinmu, ɗalibi ne, ya same ni bayan wasa yana sosa ƙeya. "Yaya, ni fa na biya kuɗin buɗe skittermander ɗina, har yanzu ba a turo min lambar ba." Na ce wace lamba? Ya nuna min hirarsu. Mutumin ya gaya masa wai jinsosin da ba na babban littafi ba a kulle suke, sai an sayi lambar buɗewa, 3,500 kowane ɗaya, in ba haka ba jaruminsa "ba na halak ba ne". Yaron ya taso da wasannin waya inda ake sayen kaya da jarumai, don haka maganar ta zauna masa daram. Ku ji da kyau: a wasan tebur babu abin da ke kulle. Takarda ce da fensir. Wanda zai ce maka eh ko a'a kan skittermander, ɗan gashin nan mai hannu shida, shi ne mai jan labarin teburinku, ba wani ba. Inda ƙaryar ta samo ƙafa shi ne akwai tsarin wasan haɗaka na Paizo, Starfinder Society, inda wasu jinsosin ke buƙatar izini, kuma ta hanyar yin wasa da jan wasa a cikin tsarin ake samunsa. Wannan bai shafi zauren gidan kowa ba, kuma ba a hannun wani mai lambar waya a WhatsApp yake ba.

Wayonsa na uku shi ne ya ci kuɗi sosai. Ya ce zai yi odar akwatin Gamma World daga Amurka, "sabon bugun TSR", da katunan rikiɗa da 'yan mutum-mutumin roba, a haɗa kuɗi a rage tsadar jirgi. Gamma World dai ɗaya ne daga cikin kakannin wasannin rikiɗaɗɗu, James M. Ward da Gary Jaquet suka rubuta shi a 1978, bayan Ward ya yi Metamorphosis Alpha a 1976 a kan jirgin sararin samaniya mai suna Warden. A cikinsa kana iya zama tsantsar mutum, ko rikiɗaɗɗen mutum, ko dabbar da ta yi hankali. Amma TSR ɗin da ya buga shi, kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi tun 1997. Bugun da ke da katuna na Wizards ne, na 2010, wanda za ka jefa dayis sau biyu ka haɗa asali biyu, ka tashi rabi kyankyaso rabi tsiro, ko garken ɓeraye mai kunna wuta. Katunan bugun, masu suna Alpha Mutation da Omega Tech, gaskiya ne, an sayar da su a ƙananan fakiti. Sabon bugun TSR kuwa, babu shi. Hoton da ya turo na akwatin 2010 ne, an liƙa masa tsohon tambari.

Mutum huɗu suka tura, 25,000 kowanne, kafin in farga in yi magana. Bayan sati biyu ya ce kaya sun iso Legas, kwastan sun riƙe, a ƙara 7,000. Biyu suka ƙara. Sai kuma wai direban da aka ba wa saƙon ya yi haɗari a hanya, a taya shi da addu'a. Da na tambaye shi a bainar guruf, "Malam, kasatha hari nawa yake kaiwa?", na kuma nemi ya ɗauki bidiyon akwatin a hannunsa yana faɗin ranar, sai ya ce ina zubar masa da mutunci, shi ɗan babban gida ne. Kafin isha'i ya fice, lambar ta daina shiga.

Ga abin da za ku gane shi da shi. Sunan da ke kan asusun banki ba ya zama ɗaya da wanda yake amfani da shi a guruf, kullum "na matata ne" ko "na yaron shagona ne". Ba ya yarda a biya in kaya sun zo. Kullum saura mutum biyu a rufe oda, yau-yau. Hotunansa duk na intanet ne, ba za ka taɓa ganin hannunsa ko tabarmar ɗakinsa a ciki ba. Kuma yana rubuta "Starfinder" da "Gamma World" kamar kamfani ɗaya ne ya yi su. In kun yi shakka, ku yi masa tambaya ɗaya daga cikin wasan da ba a amsa ta da kwafe, ku ga yadda zai koma zancen mutunci.

Mun kai ƙorafi bankunanmu da rasit da hotunan hira, mun kuma kai rahoto wurin 'yan sanda. Zuwa yanzu ko sisi bai dawo ba, kuma gaskiya ban sa rai sosai ba. Wanda ya riga ya tura masa kuɗi, kada ya goge hirar don jin kunya, ya ajiye komai, ya je bankinsa da wuri, ya kuma sanar da masu kula da guruf ɗinsu don a cire shi. Ban sa lambobinsa a nan ba saboda yana canza su kamar riga, kuma ina tsoron asusun da yake amfani da su na wasu ne da ba su ji ba ba su gani ba.

Shi kuwa ɗalibin nan namu, Asabar ɗin da ta wuce muka buɗe Archives of Nethys a wayata, ya kwafe skittermander ɗinsa da fensir a cikin minti goma. Ni kuma na mayar masa da 3,500 ɗinsa daga aljihuna, tunda ganin na saya ne ya sa ya yarda da mutumin.