Shagon da ya haɗa mana salsalar dangin Inna

A ƙasar Ringim akwai wani shagon kwamfuta, irin na buga takardu da cike fom ɗin jarrabawa, wanda mai shi ya ƙara wata sana'a: yana haɗa wa mutane salsalar danginsu, ya buga a babbar takarda. Na ba shi aikin dangin mahaifiyata, na biya naira dubu 40 ban da kuɗin mai. Tun da aka rataya takardar a zauren kawuna 'yan uwa ke tambayata ko aikin ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma sai ka tsaya a kansa wajen ɓangaren mata.

Kafin in je wurinsa ɗana ya gwada FamilySearch, wani shafin intanet na binciken asalin dangi, a waya, tunda kyauta ne. Shafin yana da kyau ga wanda kakanninsa ke Amurka ko Ingila. Can a 2022 aka buɗe wa jama'a takardun ƙidayar Amurka ta 1950 da ta Ingila ta 1921, gida-gida, da sunan kowa da shekarunsa. Mu kuwa dokar rajistar haihuwa da ake aiki da ita a faɗin ƙasa ta 1992 ce, kakana kuma ya rasu bai taɓa riƙe takardar haihuwa ba. Muka buga sunansa, ko ƙyallinsa babu. Mai shagon bai ɓoye min ba: kwamfuta zane kawai take yi masa, aikin yana ƙauye.

Ya zo a babur tare da ƙanwarsa, kuma nan ne na fara ganin ya san abin da yake yi. Shi ya zauna a zaure da dattawa, ita ta shiga cikin gida wurin tsofaffin mata da waya tana ɗaukar murya. Babbar shaidarmu gwaggon Inna ce, wadda idonta ya tafi amma ƙwaƙwalwarta garau. Matsalar ita ce ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗanta na fari ba, ko da kuwa dukansu sun daɗe a ƙasa. Na saurari faifan daga baya.

"Kaka, marigayi Malam, yaya sunansa na yanka?"

"Ke 'yar nan, ba ki da ta ido? Ni zan faɗa?"

"To ki yi min kwatance, Kaka."

"Sunan Sarkin Musulmi na zamanin Sardauna gare shi. Je ki tambayi yayanki."

Abubakar ke nan. Ashe shi ne dattawan zaure ke ce wa Garba, shi ne kuma matan gidan suka sani da Tanko. Wani da bai san gari ba mutum uku zai rubuta. Mai shagon ya sa sunan yanka a sama, laƙabobi a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, kuma haka ya yi wa kowa.

Shekaru ma da dabara ya samo su. Babu mai ce maka an haife shi a shekara kaza, amma kowa ya san ko yana goye lokacin da aka kashe Sardauna a 1966, ko an yi masa kaciya shekarar canjin kuɗi, wato 1973, ko yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa firamare da shirin ilimi kyauta na UPE a 1976. Duk inda ya samu shekara ta wannan hanya sai ya rubuta "wajen" a gabanta. Na ji daɗin wannan, domin na ga katin zama ɗan ƙasa na kawuna biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, duka an rubuta musu 1 ga Janairu, tsakaninsu kuma shekara guda, alhali akwai yaye biyu a tsakani.

Takardu uku ya nema mu tono. Rasitan haraji da ke cikin adakar kakana sun nuna sunansa da na ubansa da unguwarsu, sun tsaya daidai lokacin da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa gwamna a 1979. Sai bangon wani tsohon Alƙur'ani mai warƙa-warƙa, inda kakana ya rubuta haihuwar 'ya'yansa maza da ajami, da watan Musulunci amma ba shekara. Wannan sai da muka kai wa liman ya karanta.

Wadda ta fi duka ita ce takardar rabon gadon mahaifin kakana daga kotun alƙali. Mai shagon ya ce kullum ita yake fara nema, kuma hujjarsa ta zauna min: alƙali ba ya iya raba gado sai ya lissafa kowa, matan aure saboda tumuninsu, 'ya'ya mata saboda rabin rabon namiji da suke da shi. Ita ce takarda ɗaya da ba ta tsallake mace. A cikinta muka ga sunan wata 'ya da babu wanda ya ambata a zaure. Da aka koma wa gwaggon Inna sai ta ce ai yayarta ce 'yar uba, an kai ta aure Malam Madori a jirgin ƙasan Nguru, daga nan zumunci ya yanke. Yanzu mun samu jikokinta.

Na tambaye shi ko mu tura shi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, tunda Ringim gunduma ce ƙarƙashin Kano kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Ya ce kada in ɓata kuɗina: rahotannin Turawa na kimanta haraji sun fi kawo sunan hakimi da dagaci da yawan masu biya, talaka manomi ba kasafai sunansa ke fitowa ba. Haka kuma da wani kawuna ya matsa a jona mu da gidan sarauta, cewa ya yi, "Baba, a kawo takarda ko dattawa biyu da suka ji daga iyayensu, sai in rubuta." Ba a kawo ba, bai rubuta ba. Kawu har yau yana gaisawa da shi a daƙile. Reshen ƙanen kakana da ya tafi Makka a ƙasa ya zauna Sudan ma layi ɗaya ya ja, ya rubuta "ba a tabbatar ba".

Yanzu ga inda ya gaza. Zanen farko da ya kawo maza ne zalla ke da rassa. Mace sai a sa sunanta a tsaya, kamar ba ta haihu ba. Aikin dangin uwata ne, amma ni kaina ban fito a ciki ba! Sai da na ƙara dubu 10 ya bi 'ya'yan mata. Yaran riƙo biyu ya sa su ƙarƙashin baffan da ya rene su, abin da zai iya tada rigima ranar rabon gona. Bai tanadi wurin nuna shayarwa ba, ga shi mu gidan auren zumunci ne, inda sanin wa ya sha nonon wa ya fi sanin shekarar haihuwa amfani. Da biro na ƙara wannan. Bugun farko kuma duk inda ɗ da ƙ suke akwati ne ya fito, ya sake bugawa a kuɗinsa. Lokacin cike fom ɗin jarrabawa kuwa ko wayarka ba zai ɗaga ba.

Wanda zai ba shi aiki ya yi ciniki tun farko cewa har da 'ya'yan mata, da alama daban ga ɗan riƙo, ya karanta gwajin bugu a ƙaramar takarda gaban tsofaffi kafin a buga babba. Ka kuma tafi da memorinka ka kwashe muryoyin da aka ɗauka, domin yakan goge su idan wayarsa ta cika.