Farmasin da ke yin bayani kafin ya miƙa magani

A cikin garin Maraɗi ba a rasa inda za a sayi magani, tun daga manyan farmasi har zuwa yaran da ke yawo da tire a kai a tasha da bakin kasuwa, amma wurin da za a sayar wa mutum maganin da ke taɓa ƙwaƙwalwa, a kuma tsaya a gaya masa abin da maganin zai aikata a jikinsa, wannan kam ba shi da yawa. Farmasin da nake bita a nan yana cikin ƴan kaɗan ɗin. Ni ke sayo wa ɗan ƙanena maganin farfaɗiya duk wata, saboda haka na ga wurin a lokacin cunkoso da lokacin sarari, na kuma ga abin yabo da abin suka. Tunda akwai suka a cikin maganar, zan bar sunan wurin.

Shagon ba shi da girma sosai, amma yana da tsabta, kuma na'urar sanyaya ɗaki tana aiki ko da an ɗauke wuta, domin suna da injin kansu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, alhali kwalin yawancin magunguna yana cewa a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. A bayan kanta akwai wani kabad mai makulli inda ake ajiye tramol da diyazefam da Gardénal da makamantansu. Ba a buɗe shi sai da ordonansi, wato takardar magani mai sa hannun likita da hatiminsa, kuma duk abin da ya fita sai an rubuta shi a rajista.

Mai farmasin mace ce, kowa yana ce mata Dokta, kuma ita ce dalilin da ya sa na fifita wurin. Ta manna wani zane a bango wanda ke nuna ƙwayoyin jijiya guda biyu suna fuskantar juna, kuma da shi take yi wa mutane bayani da Hausa tsantsa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Saƙo yana tafiya a cikin kowace ƙwaya a matsayin ɗan motsin lantarki, amma idan ya kai ƙarshenta sai ya tarar da giɓi tsakaninta da ta gaba, giɓin da faɗinsa bai wuce kashi 20 zuwa 40 cikin miliyan na milimita ɗaya ba. A nan ne bakin jijiyar ke sakin wani sinadari na aike, ya tsallaka, ya zauna a kan makarɓar da ta dace da shi a jikin ƙwaya ta biyu, sai ita kuma ta motsa ko ta lafa. Da zarar saƙon ya isa sai a share sinadarin daga giɓin, ko dai jijiyar da ta sake shi ta zuƙe shi ta mayar ciki, ko kuma wani sinadarin ya farfasa shi. Mafi yawan magungunan da ke cikin kabad ɗin nan a wannan ɗan wurin suke aiki: wani yana kwaikwayon sinadarin aike, wani yana toshe makarɓa, wani yana hana a zuƙe sinadarin don ya daɗe yana aiki. Wanda ya fara tabbatar da cewa jijiya da sinadari take magana shi ne Otto Loewi, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya a 1921, lokacin da ya motsa jijiyar zuciyar kwaɗo har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa zuciya ta biyu, ita ma bugunta ya ragu. Sinadarin shi ne asetilkolin, kuma aikin ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1936 tare da Henry Dale.

A kan farfaɗiya bayaninta ya fi ratsa ni, watakila saboda ita ce ta shafi gidanmu. Dokta takan ce wa iyaye su ɗauki ƙwaƙwalwa kamar babur ɗin kabu-kabu mai totur da birki: a cikin sinadaran aike, gulutamet shi ne totur, GABA shi ne birki, kuma farfaɗiya tana tashi ne idan ɗimbin ƙwayoyin jijiya suka motsa gaba ɗaya birki bai riƙe su ba. Gardénal, wato fenobarbital, ƙarfin GABA yake ƙarawa. Tsohon magani ne ƙwarai, tun a 1912 wani likita a Jamus mai suna Alfred Hauptmann ya lura cewa masu farfaɗiyar da ya ba su shi don su yi barci sun rage faɗuwa. Yana daɗewa a jini, shi ya sa sau ɗaya ake shan sa da dare, kuma yana sa gyangyaɗi, wasu yaran kuma maimakon gyangyaɗi sai ya sa su rigima da rashin zama wuri ɗaya. Gargaɗin da ba ta gajiya da maimaitawa shi ne kada a yanke shi kwatsam, domin ƙwaƙwalwar da ta saba da wannan tallafi tana rage nata ƙoƙarin, idan aka janye shi dare ɗaya sai farfaɗiyar ta dawo da ƙarfin da zai iya kai yaro kushewa. Na ji ta tana ce wa wata dattijuwa da ta zo da jikanta: "Inna, ko ya yi wata shida bai faɗi ba, kada ki tsayar masa da shi da kanki, sai likita ya ce. Kuma idan ya faɗi ki kwantar da shi a gefe, kada a sa masa cokali a baki, yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon." A garin da har yanzu wasu ke watsewa idan mai farfaɗiya ya faɗi, wasu kuma ke cewa iska ce, wannan magana tana da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kimanin miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda take jan mata gefe ta tambaye su a hankali ko suna da ciki ko suna shan maganin tazarar haihuwa. Dalilinta mai ƙarfi ne: a cikin magungunan farfaɗiya, Dépakine yana iya jawo wa ɗan tayi nakasa, Gardénal da Tégrétol kuma suna sa hanta ta riƙa ƙone ƙwayoyin tazara da sauri har su kasa aiki. Ban taɓa jin mai tire ya yi wa kowa irin wannan tambaya ba.

Sai batun tramol, wanda shi ne ya fi jawo wa farmasin baƙin jini wurin samari. Ba sa sayar da shi ba ordonansi, ko mutum ya yi magiya ko ya yi faɗa. Na ga wani saurayi ya shigo yana cewa jikinsa ke ciwo bayan ya yini a kan babur, sai ta ce masa: "Ƙanena, ba zan ba ka ba, amma ka tsaya ka ji dalili." Kuma dalilin ya cancanci a ji shi. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa tramadol, wato tramol, a 1962, ya fito da shi kasuwa a 1977, a matsayin maganin ciwo mai tsanani. Hanya biyu yake bi. Ta farko, hanta tana juya shi zuwa wani sinadari da ke zama a kan makarɓan da morfin ke zama, waɗanda asali jiki ya tanade su don nasa sinadarin rage zafi mai suna endorfin. Ta biyu, yana hana jijiyoyi zuƙe wasu sinadaran aike biyu, serotonin da noradirenalin, sai su taru a giɓin, kuma wannan ne ke sa mai shan sa ya ji kamar gajiya ta gushe, ya yini yana noma ko dako ko tuƙi. Gajiyar ba ta gushe ba, jin ta ne aka toshe. A farmasi ƙwayar miligiram 50 ake bayarwa, kuma iyakar abin da likita ke yarda babba ya sha a yini shi ne miligiram 400, amma na bakin titi akwai mai 120, akwai mai 225, har da mai 250, ta yadda ƙwaya biyu kacal na mai 225 ko mai 250 sun riga sun tsallake iyaka. Abin da yawancin masu sha ba su sani ba shi ne cewa tramol da kansa yana kawo farfaɗiya, musamman idan ya yi yawa, ko da mutum bai taɓa yin ta ba. Wato a kabad ɗaya take ajiye maganin da ke tsayar da farfaɗiya da wanda ke tayar da ita, kuma ordonansin nan da ake jin haushinsa shi ne ya raba su.

Yadda kamu ke shiga ma ta iya bayyana shi ba tare da zagi ba. Akwai wata hanya a ƙwaƙwalwa da ke sakin wani sinadarin aike mai suna dofamin idan mutum ya ci abinci yana jin yunwa ko ya sami abin da yake so, kuma ita ke koya wa jiki ya sake neman abin. Tramol da kodin da nikotin ɗin taba duk suna ƙara dofamin a wannan hanya fiye da yadda aka saba. Da tafiya ta yi tafiya sai makarɓan su rage amsawa, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma huɗu, kuma ranar da ba a samu ba sai gumi da ciwon gaɓoɓi da zawo da rashin barci da baƙin rai su taso. A wannan matakin mutum ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi. Mafi haɗari shi ne haɗa tramol ko kodin da diyazefam ko giya, saboda dukansu suna danne sashen ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da numfashi, sai mutum ya yi barci numfashin ya yi ta raguwa har ya tsaya. Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, Indiya kuma, inda mafi yawan tramol ɗin Afirka ta Yamma ke fitowa, ta tsaurara dokarsa a wannan shekarar, amma duk wanda ya san hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ya san cewa doka a takarda ba ta tsare iyaka. Wanda ya nuna yana son dainawa, Dokta tana tura shi wurin likitocin ƙwaƙwalwa a asibiti, tana kuma gaya masa cewa a hankali ake rage shi.

Ga masu karɓar maganin taɓin hankali ma tana da haƙuri. Haloferidol makarɓan dofamin yake toshewa, shi ya sa yake kwantar da ruɗu da jin muryoyi, amma da yake dofamin ɗin yana da hannu a motsin jiki, sai wani ya sandare ko hannunsa ya riƙa rawa ko wuyansa ya karkace. Dangi sukan tsorata su zubar da maganin, ita kuwa tana gaya musu tun farko cewa idan haka ta faru a koma wurin likita, akwai gyara. Mai shan Laroxyl saboda ciwon baƙin ciki kuma tana faɗa masa kada ya sa ran sauƙi kafin mako biyu zuwa huɗu, ko da bakinsa ya fara bushewa tun daren farko.

To amma duk wannan alheri a wuyan mutum ɗaya yake rataye, kuma nan ne babban raunin wurin. Idan Dokta ba ta nan, musamman da dare a makon da suke gadi, masu sayarwa suna duba ordonansi su miƙa magani su karɓi kuɗi, ba su ƙara ko kalma ɗaya. Ba sa karya dokar kabad, wannan na shaida, amma wanda ya zo a irin wannan lokaci zai koma gida da kwali da takardar bayani cikin Faransanci, wadda yawancin mutanenmu ba za su iya karantawa ba. Abu na biyu shi ne rashin sirri. Kanta ɗaya ce, mutane a tsaye kafaɗa da kafaɗa, kuma a gari irin namu inda jin cewa yarinya tana da farfaɗiya kan iya ɓata mata aure, bai kamata a riƙa kiran sunan maganinta da ƙarfi a gaban layi ba. Ɗan labule da kujera biyu a lungu sun isa su gyara wannan. Na uku, kuma wanda ya fi ba ni takaici, Gardénal yakan yanke musu. Ba laifinsu ba ne su kaɗai, daga masu kawo kaya abin yake farawa, amma wurin da ke gargaɗin kada a tsayar da magani kwatsam ya kamata ya zama yana da ajiya, ko aƙalla ya riƙe lambar wayar masu karɓa duk wata ya sanar da su tun kafin ya ƙare. Abin da suke yi yanzu shi ne su buga waya su nemo wani farmasin da ke da shi, wanda ya fi babu.

Farashinsu ya fi na tire tsada nesa ba kusa ba, ko da yake idan aka nemi maganin da ba na babban kamfani ba, mai sinadari iri ɗaya, suna kawo shi kuma yana da sauƙi sosai. Sai dai sai mutum ya tambaya, ba kasafai masu sayarwa ke faɗa da kansu ba. Layin yana da tsawo bayan la'asar da ranakun kasuwa, kuma neman canji yakan ƙara ɓata lokaci. Wanda ke son ya sami Dokta ya je da hantsi, ya riƙe ordonansinsa da tsohon kwalin maganin da duk wani abin da marar lafiyar ke sha, har da na gargajiya, domin tana tambaya. Mai karɓar maganin farfaɗiya kuma ya je tun da sauran ƙwayoyin mako guda a gida, saboda idan ya tarar ya yanke a sami lokacin nemo shi a wani wurin.