Kundin taswirorin tarihin Najeriya da ya manta da Lardin Sardauna

Na sayi wannan kundi ne saboda ɗalibaina na ajin ƙarshe, domin na gaji da zana iyakokin jihohi da alli a kan allo. A daren farko ya burge ni ƙwarai. Taswirar 1914, shekarar da Lugard ya haɗe Arewa da Kudu, ta fito tsaf, kuma an jero ƙirƙirar jihohi bi da bi, daga 12 na Gowon a 1967 zuwa 36 a 1996, ta yadda yaro zai gani da idonsa yadda aka tsaga Gongola ta zama Adamawa da Taraba a 1991.

Raina ya ɓaci ne a shafin da aka rubuta wa 1960. Ni ɗan Mubi ne, saboda haka can idona ya fara sauka, sai na tarar an shafe Mubi da Ganye da tsaunin Mambila da launi ɗaya da Yola, kamar dai a cikin Najeriya suke ranar samun 'yancin kai. Ba haka abin yake ba. Yankin nan a cikin Kamaru ta Jamus yake har Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya Ingila ta riƙe shi amana a matsayin Kamaru ta Arewa, kuma sai da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a watan Fabrairun 1961 mutanenmu suka zaɓi Najeriya, mutanen Kamaru ta Kudu kuwa, wajen Bamenda, suka bi Kamaru. Daga nan aka kafa Lardin Sardauna, hedkwatarsa a Mubi. Na bi kundin shafi bayan shafi ban ga sunan lardin ko sau ɗaya ba, alhali mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka tsaya a layi ranar ƙuri'ar, kuma har ya bar duniya bai daina ba mu labarin ba.

Da na huce na yarda cewa ɓangaren iyakar Nijar ya yi kyau, musamman layin Say zuwa Barruwa, iyakar da Ingila da Faransa suka shata a 1890, har na yi niyyar ƙaro kwafi biyu. Ina buɗe babin Bakasi, na ga an ba hukuncin kotun duniya na 2002 shafi biyu cur, sai haushin ya dawo sabo. Na kira mai shagon, ya ce shi sayarwa kawai yake yi.

Yanzu kundin yana aji, amma na shata iyakar 1960 da jan biro kafin yara su taɓa shi, kwafi biyun nan kuma na fasa.