Hattara da masu tallan bargon hotunan iyali a intanet

Jama'a, na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, don akwai kunya mutum da hankalinsa ya fito ya ce an yi masa sakiyar da ba ruwa. Amma jiya na sake cin karo da tallan a Facebook, sun canza suna, hotunan aikin kuwa su ne dai waɗanda suka ja ni. Shi ya sa na ga shirun ya isa haka.

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, na yi niyyar a ɗinka wa Mama irin bargon nan da ake buga hotunan iyali a jikin ƙyallaye, a harhaɗa su, ya zama abin tunawa. Shafin da na samu cike yake da aiki mai kyau, ɗinki kamar ka sace. Ina yin magana suka amsa, har da ta'aziyya mai daɗi da addu'a. Suka nemi rabin kuɗi kafin alƙalami, na tura. Sai suka ce hotunan da na aika ta waya ba su fito ba, gara in aika musu na asali su yi sikanin da kansu, za su dawo da su tare da bargon. A nan na yi wautar da har yau take cina. Hoto 14 na zuba a ambulan na aika, ciki har da guda ɗaya tak da muke da shi na Baba yana saurayi.

Mako 3 suka ce, sai da aka yi wata 3 ina bin su. Abin da ya iso wani siririn yadin roba ne falle ɗaya, wanda ko ɗinkin da ke jikinsa zane ne aka buga, ba zare ba. Hotunan kuma manna su aka yi a kai, suna ƙyalli kamar leda. Wanki ɗaya fuskokin suka tsattsage, gefuna suka fara ɓanɓarewa. Da na tambayi hotunana na asali, aka ce in ƙara kuɗin aikawa. Na ƙara. Washegari aka toshe ni.

Daga baya wata ƙawata da ɗinki ne sana'arta ta zaunar da ni ta yi min bayanin da ya kamata in nema tun farko. Bargon gaske hawa uku ne: ƙyallayen da aka haɗa a sama, auduga ko makamancinta a tsakiya, sai yadin baya, a bi su da ɗinkin da ya ratsa duka ukun. Idan ka juya bayansa dole ka ga zare. Saboda haka duk mai tallan da ba ya nuna bayan aikinsa, a bidiyo, da hannunsa yana juyawa, akwai lauje cikin naɗi.

Sa hoto a yadi ma hanya-hanya ne, kuma a nan ake cutar wanda bai sani ba. Mafi arha ita ce a buga hoton a wata takarda ta musamman a manna da dutsen guga. Hoton a saman yadin yake zama, bai shiga zaren ba, shi ya sa yake tsagewa, irin wanda aka yi min ke nan. Akwai buga hoto kai tsaye a yadin auduga da firinta, amma tawadar iri biyu ce: mai rini tana zuba da ta ji ruwa sai dai idan an jiƙa yadin da maganin kama launi tukuna, irin su Bubble Jet Set, mai garin launi kuwa ta fi jure wanki da rana. Sai hanya ta uku, inda ake gasa tawadar da zafin da ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Celsius har ta zama tururi ta shige cikin zaren. Wannan ba ta ɓanɓarewa, amma yadin foliyesta take kamawa. Wanda ya ce maka zai yi ta a zallar auduga kuma ba za ta koɗe ba, ko bai san aikin ba ko yana son cin kuɗinka. Ka tambayi mai aiki wace hanya yake bi, da wane yadi. Mai sana'a zai amsa a numfashi ɗaya, ɗan damfara sai kame-kame.

Abin da ya fi ba ni haushi, da na ɗauki hotunan shafinsu na saka a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, cikin minti biyu na gan su a shafukan wasu masu ɗinki na daban. Sata suka yi. Minti biyu kacal, kuma ban yi ba sai da aikin gama ya gama.

Maganar cewa hoton waya ba ya fitowa, akwai ƙanshin gaskiya a ciki, da shi suka kama ni. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau idan an tura shi yadda aka saba. Maganinsa ba aika na asali ba ne. Ka yi sikanin da kanka, ƙaramin tsohon hoto a dpi 600 (dpi shi ne ma'aunin kaifin hoto a na'urar sikanin), ka tura shi a matsayin fayil. Na asali kada ya bar hannunka, haka ma rigar mamaci idan an ce a aiko a yanka a saka a bargon, sai ga wanda ka ga aikinsa da idonka. Ka kuma nemi a buga maka hoto ɗaya a ɗan ƙyalle, ka biya, ka wanke shi sau uku ka shanya kafin ka ba da sauran aikin. Wajen biya kuwa, idan suka nace wai dole ka tura ta PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, a matsayin kyauta ga dangi ko aboki, ka sani wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye.

Na kai ƙarar shafin, an rufe wancan, ga shi sun buɗe wani. Idan akwai wanda hotunansa ke hannunsu yanzu, ya lallaɓa ya karɓo su tukuna kafin ya tayar da rigimar kuɗi, don da zarar sun ji zafi toshewa suke yi. Mu dai hoton Baba na samartaka ya rage a wayar ƙanwata kawai, wanda ta taɓa ɗauka a karkace, hasken taga ya cinye rabin fuskar.