Zoɓon kwalba kusa da Kasuwar Dole: abin da ke cikin ruwan da abin da takarda ta ƙara

A cikin masu sayar da abin sha na gida a Zinder akwai wani ƙaramin shago kusa da Kasuwar Dole, wanda wata Hajiya ke riƙe da shi tare da ƴaƴanta mata, kuma ya bambanta da sauran ta hanya ɗaya: yana manna wa kwalabensa takarda mai ɗauke da iƙirarin kimiyya. A kan kwalbar zoɓo an rubuta da Faransanci cewa abin shan cike yake da folifenol (wasu sinadaran tsirrai), yana tsabtace jini, yana maganin hawan jini, sannan a ƙasa da ƙananan baƙaƙe aka ƙara cewa yana da amfani irin na jar giyar inabi ba tare da barasa ba. Ana sayar da zoɓo iri biyu, mai sukari da marar sukari, sai ruwan tsamiya, da na kuka, da koren shayi mai sanyi da na'a-na'a. Kwalbar rabin lita sefa 250 ce, ta lita guda kuma 500, farashin da ya ɗara na zoɓon leda nesa, don haka mai saye yana da haƙƙin ya tambayi abin da yake biya.

Zoɓon kansa mai kyau ne ƙwarai. Launinsa ja ne mai zurfi wanda haske ke ratsawa, ba ya da laka a gindin kwalba, tsaminsa ya fito sarai, kuma citta da kanumfari suna bayansa ba su danne shi ba. Bayan an haɗiye akwai ɗan bauri da ke saura a harshe, alamar cewa ba a tsinka shi da ruwa fiye da kima ba. Hajiya ta bayyana mini cewa ba ta tafasa zoɓon a kan wuta, tana sauke ruwan ne bayan ya tafasa ta zuba shi a ciki ta rufe, kuma tana yin haka a tukunyar silba marar tsatsa, ba a tukunyar dalma da ake zubawa a gari ba. Wannan dabara tana da tushe a ilimin sinadarai. Jan launin zoɓo yana fitowa ne daga wasu folifenol da ake kira antosiyanin, musamman guda biyu, dalfinidin sambubiyosid da sayanidin sambubiyosid, kuma doguwar tafasa tana rushe su, haka nan haɗuwarsu da ƙarfe ko alminiyum tana dusashe launin ya koma wajen toka ko shuɗi-shuɗi. Wanda ya taɓa ganin zoɓon da ya kwana a tukunyar dalma ya san yadda yake komawa.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida don sanin ko ja na zoɓo ne ko na kalar masana'anta. Antosiyanin yana sauya launi gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki: a ruwa mai tsami ja ne, idan kuma aka kashe tsamin sai ya juya zuwa shuɗi mai duhu, daga nan zuwa kore-kore. Na ɗiga ruwan kanwa a ɗan abin da na zuba a kofin gilashi, nan take ya yi duhu ya koma shuɗi-kore, da na matsa lemun tsami kuma ja ya dawo. Yawancin kalar da ake sayarwa a ƙananan ledoji ba ta yin wannan juyi. Gwajin yana nuna cewa antosiyanin na nan, ba ya faɗin yawansa, kuma ba ya kore yiwuwar an haɗa da ɗan kala, amma sauyin da na gani ya yi ƙarfin da ya gamsar da ni.

Maganar yawa ita ce inda takardar ta fara rauni. Folifenol babban dangi ne na sinadaran tsirrai da suka kai dubbai, kuma kusan babu ganye ko ɗan itace da ba ya ɗauke da wani daga cikinsu. Tanin da ke cikin bagaruwa, wanda majeman garin nan suka daɗe suna jeme fata da shi, folifenol ne, kuma aikinsa a fata shi ne aikinsa a baki: yana kama furotin ya ɗaure shi, shi ya sa ɗanyen goro da shayi mai kauri suke sa harshe ya yi bauri. Jan launin karan dafi da dukawa ke rina fata da shi ma ɗan wannan dangi ne. Saboda haka cewa abu yana da folifenol ba wani labari ba ne, sai an faɗi wanne ne da kuma miligram nawa a lita. Hanyar awo da aka fi amfani da ita tana da tsohon tarihi. Otto Folin da Vintila Ciocalteu ne suka haɗa ruwan gwajin a 1927, sai Singleton da Rossi na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka daidaita shi a 1965 don awon giyar inabi. Ana haɗa samfurin da ruwan gwajin ya koma shuɗi, na'ura ta auna ƙarfin shuɗin da haske mai tsawon zango nanomita 765, a kwatanta da asid na galik, wani folifenol da ake ɗauka a matsayin ma'auni. Illar wannan hanya ita ce bitamin C da wasu nau'o'in sukari su ma suna sa shuɗin ya ƙaru, don haka ruwan kuka, wanda ke da bitamin C mai yawa, zai iya ba da lamba mai girma wadda ba duka ta folifenol ba ce. Ga zoɓo akwai awon da ya fi dacewa, inda ake auna launin a matakin tsami 1.0 da 4.5 a ɗauki bambancin, wanda ke ba da adadin antosiyanin kai tsaye. Na tambayi Hajiya ko an taɓa yi mata ɗaya daga cikin waɗannan, ta amsa mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa ba a yi ba, ɗanta ne ya samo kalmomin a intanet ya kai wa mai buga takarda. Na yaba da gaskiyarta, amma ina ganin shagon da ya kai wannan matsayi ya cancanci ya aika samfuri zuwa ɗakin gwaje-gwaje, ko ta hanyar malaman sinadarai na Jami'ar André Salifou ko a Yamai, ya buga lambar da aka samu.

Iƙirarin hawan jini yana da ɗan abin dogaro, kuma ya dace a faɗe shi yadda yake. A 2010 Diane McKay da abokan aikinta na Jami'ar Tufts a Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 65 masu jinin da ya fara hawa ko ya hau kaɗan, waɗanda ba sa shan magani. Rukuni ɗaya ya sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, ɗayan ya sha ruwan da aka ƙamsasa ya yi kama da shi. Lambar sama ta awon jini ta sauka da 7.2 a masu shan zoɓo, da 1.3 a sauran. Wannan sakamako ne mai daraja, sai dai gwajin ƙarami ne kuma gajere, bai shafi masu hawan jini mai tsanani ba, kuma bai nuna cewa zoɓo yana hana shanyewar ɓarin jiki ba. Abin da ke damuna shi ne kalmar magani a kan kwalba, domin a garinmu ba a rasa dattijon da zai ajiye ƙwayar da likita ya rubuta masa ya koma ga abin da ya fi daɗin sha da araha. Wanda ke kan magani ya sha zoɓonsa, amma ya sanar da likitansa, ya ci gaba da awon jini, kada ya taɓa ƙwayar da kansa. Maganar tsabtace jini kuwa ba ta da ma'anar da za a iya aunawa. Kaɗan ne ƙwarai daga antosiyanin ke shiga jini yadda yake, mafi yawansa ƙananan halittun da ke zaune a cikin hanji ne ke farfasa shi zuwa wasu ƙananan sinadarai, kuma saboda irin wannan tazara tsakanin kwalbar gwaji da jikin mutum ne ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin antioksidan na abinci, wato sinadaran da ake cewa suna kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, a 2012.

Layin da ya kwatanta zoɓo da giyar inabi shi ne na fi so a goge. Ga musulmi hukuncin giya a bayyane yake, kuma ko ta fuskar kimiyya kwatancin bai ƙara wa zoɓo daraja ba. Sunan da jar giya ta yi ya samo asali ne daga rubutun Serge Renaud da Michel de Lorgeril na 1992, inda suka lura cewa Faransawa suna cin kitse da yawa amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, aka jingina hakan ga giya, daga baya aka ɗora shi a kan wani folifenol mai suna resberatrol. Amma abin da ke cikin lita guda na jar giya bai wuce ƴan miligram ba, kuma binciken da aka wallafa a 2014 a kan tsofaffi 783 na yankin Kiyanti a Italiya, waɗanda aka bi tsawon shekara tara, bai ga wata alaƙa tsakanin yawan resberatrol a jikinsu da tsawon rai ko ciwon zuciya ko sankara ba. Tun 1988 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara, a Janairun 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu adadin barasa da ba ya cutarwa. Resberatrol ɗin ma akwai ɗan kaɗan ɗinsa a gyaɗar da ake nomawa a kudancin jihar nan.

Babban aibin shagon yana cikin kwalbar da ta fi fita, wato mai sukari. A bakin Hajiya na ji cewa kilo guda na sukari take zubawa a lita goma, wanda ke nufin giram 50 a kwalbar rabin lita, kusan daidai da lemun kwalba na masana'anta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, wato kimanin giram 50 ga babba, kuma ya fi kyau ya tsaya a rabin haka. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yini. Mai ciwon sukari ko mai ƙiba da ya sayi wannan saboda takardar ta ce lafiya ce, ya yi cinikin biri a sama. Hajiya ta ce masu saye ne ke neman zaƙi, kuma marar sukarin sau da yawa kwana yake yi. Na yarda da ita, sai dai takarda ɗaya ce a kan kwalaben biyu, alhali gwajin da ake kafa hujja da shi bai shafi ruwan da aka cika da sukari haka ba.

Ajiya ma tana buƙatar gyara. Kwalaben farare ne da haske ke ratsawa, kuma ana jera wasu a kan tebur a bakin ƙofa don jan hankalin masu wucewa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, rana da zafi suna cinye antosiyanin cikin sauri, kuma na ga bambanci da idona tsakanin kwalbar tebur, wadda ta fara komawa ruwan ƙasa, da ta cikin firji. Babu ranar haɗawa a kan takardar, kuma a garin da wuta ke ɗaukewa wannan ya fi kowane iƙirari muhimmanci ga abin shan da ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba. Ta fuskar tsabta kuwa ban ga abin zargi ba: kwalaben sababbi ne masu murfin da ba a karya ba, ana tafasa ruwan kafin a yi aiki da shi, ƴan matan kuma suna rufe kai suna wanke hannu a gaban mai saye.

Ruwan tsamiyar yana da daɗi da kauri, ko da yake shi ma sukarinsa ya yi yawa. Na kuka ya fi su ƙosarwa, kuma shi ne zan ba yaro tare da abinci, domin bitamin C yana taimaka wa hanji ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da gero da ganye. Koren shayin akasin haka yake yi. Folifenol ɗin shayi, wato katecin da tanin, suna kama wannan ƙarfe su hana shi shiga jiki, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa shan shayi tare da abinci yana iya rage abin da ake samu da fiye da rabi. A ƙasar da ƙarancin jini ya yi katutu a tsakanin mata masu ciki da ƙananan yara, bai dace a miƙa wa mai juna biyu kwalbar shayi da sunan lafiya ba tare da gaya mata ta bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci ko ƙwayar ƙarin jini ba. Da na faɗa wa Hajiya haka ta ce ba ta taɓa ji ba, ta kira babbar ƴarta ta sa ta rubuta.

Wanda zai je ya nemi zoɓo marar sukari daga cikin firji, ya tambayi ranar da aka haɗa shi, idan tsamin ya yi masa yawa ya sa ɗan sukarinsa da hannunsa a gida, inda zai ga abin da yake zubawa. Da safe aka fi samun sabon haɗi, kuma ga mai biki ko suna ana karɓar oda kwana guda kafin ranar, har mutum ya faɗi gwargwadon sukarin da yake so a sa masa.